Manajan da Ya Hana Allonsa Nuna Ja

An taɓa yin wani bawan Allah, manajan ayyuka a wani kamfani mai gyara ƙananan asibitoci. Kada wanda ya tare ni a bakin ƙofa in mun tashi ya ce in faɗa masa sunansa, ba zan faɗa ba. Mutumin yana nan da ransa, kuma abin da ke kansa ya ishe shi.

Aikinsu shi ne su saka wa asibiti injin da ke tace iskar oksijin, wadda ake sa wa mara lafiya a hanci idan numfashi ya gagara, sannan su ja bututu a jikin bango har kan kowane gado. Asibitocin suna da yawa, a warwatse, kowanne da injiniyan da ke kula da aikinsa. A da, rahoto a takarda yake zuwa. Kafin ya iso teburin manaja labarin ya riga ya tsufa. Aiki sai ya tsaya cik a wani wuri, a ofis ba wanda ya sani.

Mutumin nan shi ya kawo gyara, kuma a ba shi haƙƙinsa, Allah ya ba shi kai. Ya sa aka haɗa wata manhaja yadda kowane injiniya zai shigar da bayanin aikinsa ta waya daga inda yake, bayanan su taru su fito a wani babban allo da aka kafa a bangon ɗakin taro. Kowane asibiti da ɗan akwatinsa a allon. Ja na nufin aiki ya tsaya. Rawaya, ana kai. Kore, an gama, inji yana aiki. A ƙarƙashin kowane akwati kuma akwai ɗan layi inda injiniya zai rubuta dalili.

Ya 'yan uwa, abin ya yi amfani ƙwarai. Da safe manaja zai shigo da kofin shayinsa, ya tsaya gaban allo, ya ga inda ya yi ja, ya karanta dalili, ya ɗaga waya ya aika da abin da ake buƙata. Da bakinsa yake ce wa ma'aikata, "Ja ba abin kunya ba ne, kiran agaji ne. Wanda ya ɓoye mini ja shi ne ya cuce ni." Ku riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

A gida yana da mahaifiya, tsohuwa mai ciwon ƙirji, kowa Inna yake ce mata. Ɗakinta ne mai babbar taga. Matasan kai a jere a bayanta, don ba ta iya barci a miƙe, maganin shaƙa kuma kullum yana kan ɗan teburi kusa da carbinta. Yana sonta so na gaske, ba ya fita aiki sai ya leƙa ta. Ita kuwa ta san ɗanta ciki da waje. Takan tsokane shi ta ce, "Kai tun kana ƙarami in ka faɗi, sai ka ce ƙasa ce ta taso ta buge ka." Ya yi dariya, matarsa ta yi dariya, ba wanda ya ɗauki maganar da nauyi.

To, sai yabo ya fara zuwa. Shugabannin kamfani suka riƙa kawo baƙi su ga allo, ana ɗaukar hoto, ana jinjina masa, har aka fara raɗe-raɗin za a ɗaga shi zuwa darakta. Wata rana wani baƙo ya nuna akwatunan da suka yi ja da tsinin alƙalami ya ce, "Waɗannan fa, ina manaja yake har suka lalace?" Aka yi dariya. Wasa ne, wasan manya. Amma dariyar nan ta shige shi ta zauna.

Daga ranar allon ya daina zama masa wurin duba aiki, ya koma masa madubi. In ya ga ja, fuskarsa yake gani da tabo.

Ya fito da sabon tsari. A taron mako, duk wanda akwatinsa ya yi ja sai ya miƙe tsaye, ya ci gaba da tsayuwa har a tashi. Magidanta, wasu da furfura, suna tsaye kamar 'yan makarantar da suka makara. Bai tsaya nan ba. Ya ce layin nan na rubuta dalili yana ɓata kyan allo, mutane suna cika shi da uzuri, a cire. Aka cire.

Me kuke tsammani zai faru? Kowa yana da iyali, kowa yana son mutuncinsa. A hankali ja ya riƙa ɓacewa daga allo. Ma'aikata suka laƙaba wa manajan suna Kore-Shar. In mutum ya zo aiki yana rawar ɗari da zazzaɓi aka ce masa ya jiki, sai ya ce, "Kore." Wani ya ce ko motarka ta mutu a tsakiyar titi, in manaja ya tambaya, ka ce tana gudu. Suna dariya, amma dariyar tsoro ce.

Cikin injiniyoyin akwai abokinsa na tun makaranta, ɗaki ɗaya suka kwana, sabulu ɗaya suka raba. Shi aka ba ƙaramin asibitin da ke unguwar manajan, bayan layin gidansa kaɗan. An ja bututu an gama, inji ya iso, amma ɓangaren da ke matsa iska ya iso a fashe. Injiniya ya shigar da buƙatar sabo a manhaja, ya danna ja.

Ranar taro akwatinsa kaɗai ne ja a duk allon. Ya miƙe ya ce, "Abokina, injin nan fa..."

Manaja ya katse shi. "A ɗakin nan ba ni da aboki. Kowa ya gama sai kai? Ba labari nake so ba, kore nake so."

"Yallaɓai, ka bari in faɗi dalilin."

"Ka ajiye dalilinka. Gobe in shigo in ga allon nan tsaf, ko in ba wani aikin."

Injiniyan ya tsaya a tsaye har aka tashi, idonsa ya kaɗa. Ya fita ya zauna cikin motarsa ya ce a ransa, ai na riga na nemi kayan, kwana kaɗan za su iso in ɗaura, ba wanda zai sani. Ya danna kore.

Abin da bai tuna ba, kuma manajan da kansa ya tsara shi haka, shi ne da zarar aiki ya koma kore, manhaja tana rufe duk buƙatun kayan da ke ƙarƙashinsa, tun da ai an gama. Buƙatar ta rufe. Kayan ba su taɓa tasowa ba. Aka tura injiniya wani aikin mai nisa, kullum yana cewa zai koma ya gyara, kullum yana tsoron buɗe maganar. Masu kai wa asibitin tukwanen iska su ma suka ga rahoton an gama, suka ce ai yanzu suna da injinsu, suka daina kaiwa.

Sai ranar da manajan ya daɗe yana jira ta zo. Manyan baƙi sun cika ɗakin taro da hantsi, allo kore shar daga sama har ƙasa, shi yana tsaye da sabuwar riga yana bayani. Waya ta riƙa motsi a aljihunsa ba ƙaƙƙautawa. Ya nemi afuwa ya matsa bakin ƙofa. Matarsa ce.

"Baban yara, Inna ce. Numfashin ya ƙi, na fesa mata maganin bai yi ba, leɓɓanta har sun canza. Maƙwabci ya fito da mota. Babban asibiti za mu wuce?"

Babban asibiti yana can ƙarshen gari, ga cunkoson motoci. Ya juya ya dubi allo. Ga akwatin asibitin unguwarsu, kore.

"A'a, ku kai ta na bayan layinmu. Akwai oksijin, mu muka saka."

"Ka tabbata?"

"Ina kallonsa da idona na ce miki. Ku hanzarta, ina nan tafe."

Hankalinsa ya ɗan kwanta, har ya koma ya ƙarasa jawabinsa. Aka tafa masa. Sannan ya ɗauki makullin mota.

Ya 'yan uwa, ku dubi wannan abu da kyau. Ba wanda ya yaudari mutumin nan irin kansa. Shi ya koya wa allon ƙarya, kuma ranar da ran mahaifiyarsa ya rataya a kan magana ɗaya, wurin allon ya nemi amsa.

Da ya isa asibitin bai tarar da su ba. Ya shiga ɗakin marasa lafiya, ga bututu sababbi suna sheƙi a bango, bakin kowanne da ledarsa ko cirewa ba a yi ba. Wata nas da ba ta san ko shi wane ne ba ta ce, "Tsohuwar nan kake nema? Mun tura su babban asibiti, ba mu da iska."

Ya nuna bango ya ce, "Wannan fa?"

"Wannan ai ado ne, malam. Injin yana can baya an lulluɓe shi da tampol. Tun da aka rubuta an gama mana aiki, ko tukunya ɗaya ba a ƙara kawo mana ba. Wallahi ba ita ce ta farko da muka mayar daga ƙofar nan ba, kuma ba duka suka kai ba."

Yana tsaye a wurin waya ta sake motsi. Inna ta cika a hanya, cikin cunkoso, kanta a cinyar surukarta.

Daga baya matar ta faɗa masa abin da ya ƙarasa karya shi. Ta ce lokacin da suka kwantar da Inna a gadon asibitin, kafin nas ta yi magana, tsohuwar ta ɗaga ido ta ga bututun, ta kama hannunta ta ce da ƙyar, "Aikin ɗana ne." Ita ce maganarta ta ƙarshe, kuma da murmushi ta faɗe ta.

Ni kaina duk lokacin da na zo nan a labarin sai zuciyata ta yi nauyi.

Injiniya ya zo gaisuwa. Ya durƙusa yana kuka ya ce, "Da hannuna na danna, ba zan ɗora wa kowa ba. Amma na miƙe in faɗa maka, ka ce ba labari kake so ba." Kuma kada wani ya ce na wanke injiniyan, yana da nasa kason, tsoron mutum ya sa ya rufe abin da rayuka suka dogara da shi. Amma wa ya shuka tsoron?

Aka yi bincike. Aka bi akwatunan nan ɗaya bayan ɗaya, aka tarar da yawa kore ne a bango kawai. Aka ƙwace aikin daga kamfanin, aka sallami manajan, iyalan da suka rasa 'yan uwansu suka kai ƙara. Masu ɗaukar hoto da shi kowa ya ɗauke ƙafa.

Ranar da ya je kwashe kayansa, ya leƙa ɗakin taro. Ba kowa ciki, allon yana kunne. Akwatin asibitin unguwarsu yana nan kore, don masu bincike sun ce kada a taɓa komai. Ya roƙi jami'in da ke kula da kwamfutoci ya ce, "Don Allah ka mayar mini da wannan ja." Jami'in ya sunkuyar da kai ya ce, "Yallaɓai, aikin da ya rufe manaja kaɗai ke iya buɗe shi, haka ka tsara. Kai kuma an riga an cire sunanka." Ya daɗe a tsaye yana kallon akwatin, sannan ya ɗauki kwalinsa ya fita.

Yanzu yawancin yininsa a ɗakin Inna yake, kusa da taga. Bai bari an ɗauke matasan kan ba.

To jama'a, mutumin nan bai saci komai ba. Bai taɓa shigar da ƙarya a manhaja da yatsansa ba. Laifinsa girman kai ne, ya ƙi jin gaskiya, ya wulaƙanta mai faɗinta, har faɗin gaskiya ya zama abin da ba kowa ke iya ɗauka ba. Kayan aikin ba su da laifi, sun taimaki mutane lokacin da mai su yake son sanin abin da ke faruwa.

Kada ka ce ai ni ba manaja ba ne. Kai maigida, ɗanka zai iya zuwa ya ce maka, Baba, na faɗi jarrabawa? Matarka za ta iya ce maka akwai matsala ba tare da ta fara auna fuskarka ba? Kai mai shago, kai shugaban ma'aikata, yaushe rabon da wani na ƙasa da kai ya kawo maka labari mara daɗi ka ce masa na gode? In kowa a kusa da kai lafiya lau kawai yake ce maka, kada ka yi murna. Ka zauna ka binciki kanka, wataƙila ka riga ka cire layin dalili ba ka sani ba.

Ya Allah, ka ji ƙan Inna da waɗanda aka mayar daga ƙofar nan ba mu san sunayensu ba. Ka karɓi tuban bawanka, ka sanyaya masa zuciya. Mu kuma ka kiyaye mu daga son yabon da ke toshe kunne, ka ba mu masu faɗa mana gaskiya, ka ba mu haƙurin saurarensu tun suna tsaye a gabanmu. Amin.