Tasalla a Ƙasan Gada, Ladiyo a Ƙolin Itace

Ga ta nan, ga ta nan ku, 'yan ƙannena.

Ta zo mu ji ta, Yaya.

Can ƙasar Amurka, bayan babban teku, an yi wasu tsuntsaye masu kamun ƙuda, Tasalla da ƙanwarta Ladiyo. Duk toka-toka, kamar an tsaga kara. Al'adar gidansu ita ce ki zauna a reshe, ido a sama, ki cafko ƙuda, ki dawo inda kika tashi. Ba a duban ƙasa.

Sanyi ya shigo, ƙudaje suka ɓace. Ladiyo ta ce ita sai kudu mai nisa. Tasalla ta ce nan kusa za ta raɓe. Suka yi alkawarin haɗuwa a reshensu.

Da sanyi ya wuce, Tasalla ta riga ƙanwarta dawowa, ta tarar an sare itacen. Ta yi sheƙar laka a ƙasan wata gada, ta kwanta kan ƙwai. Ta roƙi Gizo, mai saƙa a saman gadar, in ƙanwarta ta zo ya nuna mata wurin.

Gizo ya ce, "An gama, 'yar uwa."

A ransa kuwa ya ce bakin tsuntsuwa ɗaya ma ya rage masa ƙuda, ina ga biyu.

Can sai ga Ladiyo, a rame. Ta sauka kan wani itace kusa da gadar, ta ce, "Malam Gizo, ina Yayata?"

"Tana sama, hau."

Ta hau, ba kowa. Ta sake tambaya.

"Ke ma dai da ragwanci! Ƙara sama."

Ta kai ƙoli. Iska kawai. A karo na uku Gizo ya matso hawaye, ya ce shaho ya ɗauke Yayarta tuni.

Ladiyo ta ƙi yarda. Ta zauna tana kira, murya a ja. Ƙarar kogi ta hana Tasalla ji. Ita kuma takan fito bakin gada tana kaɗa wutsiya, ko ƙanwarta ta hango. Da Ladiyo ta sunkuyar da kai sau ɗaya, da ta gan ta. Amma ba a duban ƙasa.

Har yau da haka ake bambance jikokinsu. Na Tasalla su riga zuwa, su zauna ƙasa-ƙasa suna kaɗa wutsiya. Na Ladiyo su zo a makare, su hau ƙoli suna kuka. A kogi ɗaya suke, ba su taɓa haɗuwa ba.

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera.