Akushin Korau

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da sunansa ya ɓace mini, in ma na taɓa saninsa. Zamanin ya daɗe ƙwarai. Sunan mutumin Korau. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne, ba ya riƙe da sarautar komai. Bugu ne sana'arsa: in marina sun rina tufa ta bushe, shi ke shimfiɗa ta a kan gungume yana bugunta har ta yi sheƙi. Ku na baya, ku daina kallon ƙofa, takalmanku ba za su gudu ba. Ku saurara.

Garin nan da rini yake ci. Fatake ne ke zuwa daga arewa da raƙuma, su saye tufa su tafi. Sai wata shekara ba su zo ba. Aka ce jinkiri ne. Shekara ta zagayo, shiru. Wasu suka ce yaƙi ake yi a hanya, wasu suka ce sun sami mai araha a wani wuri. Ko ma mene ne, ba su zo ba.

Ku lura da yadda abin ke tafiya, don haka yake tafiya har gobe. Marini bai sayar ba, sai ya daina karɓar saƙa. Masaƙi ya zauna, sai matan da ke kaɗi suka rasa mai sayen zare. Mahaucin da ke yanka sa ranar kasuwa ya koma akuya, akuyar ma sai ta kai yamma a kan faifai. Wanzami ya ga kawuna sun yi buzu-buzu amma ba mai kiransa. Ba fari aka yi ba, ba gobara ba, hatsi na nan a kasuwa. Kuɗin saye ne babu a hannun mutane.

To, a unguwar su Korau ana ciyayya. Yaran yanzu ba su san ta ba. In an idar da magariba, kowane magidanci zai fito da akushin tuwonsa, a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Korau, a buɗe, ka ci nawa in ci naka. Haka suka tarar da iyayensu na yi.

Sai maza suka fara raguwa. Mati, wani masaƙi da ke makwabtaka da Korau, ya aiko cewa haƙori ke damunsa. Wani ya ce ciki. Wani ya ce ai ya ci a kasuwa. Korau mutum ne mai son sanin dalilin abu. Ya yi ta juya maganar a ransa, ya kasa gane ta, sai ya shiga gida ya tambayi matarsa Delu.

"Ni kam, wane irin haƙori ne wannan da ya kama Mati ya ƙi sakinsa? Jiya na gan shi yana tauna rake."

Delu ta ce, "Malam, bugu ya kashe maka kunne. Yaushe rabon da ka ji ƙarar turmi a gidan Mati?"

Sai yanzu Korau ya gane. Mutum ba zai fito ciyayya hannu wofi ba, kuma ba zai buɗe akushi a gaban maza a ga kunu a inda aka saba ganin tuwo ba. Ya gwammace ya kwana da yunwa. Tausayi ya kama Korau, ya ce wa Delu ta zuba tuwo ta kai musu. Ta kai. Ba a jima ba ta dawo da shi ba a taɓa ba. Matar Mati ta ce sun gode, yanzu suka gama ci.

Kun ji fa. Yunwa na cikin gida, abinci ya zo har ƙofa, an mayar da shi. Kada ku ce girman kai ne. Mutumin da ya saba ci da guminsa, sadakar makwabci na yi masa nauyi fiye da yunwa. Da yawanku kun san abin da nake faɗa.

Korau ya yi kwanaki yana tunani. Rannan sai ya bi gidajen unguwa ɗaya bayan ɗaya, har da na masu haƙori da masu ciki. Ya ce musu, "Bayana ya gaji da miƙa hannu daga wannan akushi zuwa wancan. Ku taimake ni. Zan ajiye babban masaki a zaurena, da tukunyar miya, da tulun ruwa. Kowa ya zo da akushinsa a rufe da faifai, ya shiga shi kaɗai, ya juye, ya ɗauraye akushin, ya ajiye ya fito. In kowa ya shiga sai a fito da masakin mu ci wuri guda."

Aka yi ta dariya, aka ce tsufa ya zo wa Korau da fitina. Amma aka yarda. Me ya sa ya ce a ɗauraye? Ku yi tunani mana. Akushin da aka zuba tuwo yana da alama, wanda ba a zuba ba yana nan fes. In kowa ya ɗauraye, duka sun zama ɗaya. Kuma kafin a fara ci, sai a ɗebi wani kaso a rarraba cikin akusan nan, a ce na yara ne, kowa ya koma gida da nasa. Shi kuwa Korau, tun da aka fara, ya sauya wurin zama. Ya juya wa ƙofar zauren baya.

Haƙorin Mati ya warke. Masu ciki suka sami sauƙi. Tabarmi suka sake cika.

Akwai wani Jatau a cikinsu, mai jakuna, yana dakon itace da hatsi, don haka shi har lokacin yana ɗan samu. Ba mugu ba ne, ku ji da kyau, akushinsa kullum a cike yake zuwa. Sai dai idonsa ba ya barin abu ya wuce. Ya ga maza sun cika tabarma, masaki kuwa da ƙyar yake wuce rabi. Ya fara kallon yadda kowa ke riƙe akushinsa, wa ya tallabo da hannu biyu, wa ya riƙo da yatsu. Zarginsa ya tsaya a kan wani Barau, mai sayar da hatsi, wanda rigarsa kullum a wanke take.

Ya sami Korau a wurin bugu, inda yake zaune ba aiki, ya ce, "Baba Korau, ana cutar mu. Wanda ba shi da shi, na yarda, ya ci halal. Amma akwai mai shi da ke zuwa hannu wofi. Na rantse akushin Barau iska ce a ciki."

Korau ya ce, "Ka buɗe ka gani?"

"Ban buɗe ba. Amma kai ba ka so ka sani? Zaurenka ne fa. Leƙawa ɗaya ta isa."

Korau ya yi dariya ya ce, "Jatau, wallahi na fi ka son sani. Kana ganin don me na juya baya? Duk wanda ya shiga sai in ji wuyana na ƙaiƙayi. Har kunne nake kasawa in ji ko tuwo ya faɗa masaki, sai in yi ta istigfari. Amma gaya mini, ta yaya za a buɗe na Barau ba a buɗe na sauran ba?"

Jatau dai bai haƙura ba. Abin ya ci gaba da cin ransa. Wata rana da tuwon ya yi ƙaranci ƙwarai, ya yi alkawari a ransa gobe sai an yi ta ta ƙare. Washegari bayan magariba ya riga kowa, ya tsaya a bakin zaure, ya ɗaga faifan akushinsa kowa ya ga tuwo, ya ce, "Yau duk mai shiga sai ya buɗe. Mu san wa ke ci da mu, wa ke cin mu."

Na farko a layi ba Barau ba ne, jama'a. Mati ne. Yana tsaye da akushinsa a rufe, ya rasa gaba ya rasa baya. In ya buɗe, kowa ya gani. In ya juya ya tafi, kowa ya gane. Kuma in ya tafi yau ba zai sake dawowa ba, 'ya'yansa su koma kwana da yunwa.

Sai ga Korau ya fito daga cikin gida da nasa akushin. Ya ratsa ya tsaya gaban Mati, ya ce, "Gidana ne, a fara da ni."

Ya ɗaga faifai. Babu komai a ciki. Ko ɗigon miya babu.

Ya ce, "To, Jatau, ka ce kana neman mai zuwa hannu wofi. Ga akushi ka gani. Yanzu me za a yi masa? In korarsa za a yi, ka faɗa mini inda zan je, don nan ne gidana."

Jatau ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya ce, "Baba, ba kai nake nufi ba."

Korau ya ce, "Ai faifai bai san wa kake nufi ba. A ci gaba da buɗewa?"

Wani dattijo ya ce, "Rufe, Korau. Jatau, ba mutane hanya." Jatau ya kauce. Mati ya shiga shi kaɗai ya fito, Barau ya shiga ya fito, ba a sake ɗaga faifan kowa ba.

Kada ku ɗauka abin ya wuce a banza. Kafin gari ya waye labari ya bazu. Aka ce ashe don cikinsa Korau ya ƙirƙiro masaki, ciwon baya dabara ce. Mata suka riƙa yi wa Delu habaici a bakin rijiya, har ta yi kuka. Mutumin da ake gaishe shi da girma ya zama abin nuni da baki. Bai taɓa kare kansa ba. Amma wani abu ya faru: masu ɗan hali suka ƙara yawan tuwonsu, don a ganinsu Korau suke ciyarwa, kuma kowa na ƙaunarsa. Masakin ya fara cika.

Fatake dai ba su dawo da wuri ba. Abin ya kai har mutane suka daina biyan dako, kowa ya ɗauko itacensa a ka. Jatau ya sayar da jaki ɗaya, ya sayar da na biyu, na ƙarshe ya mutu. Ranar da matarsa ta ce masa ba abin ɗorawa a wuta, ya zauna ya daɗe yana kallon akushinsa. Daga ƙarshe ya rufe shi da faifai, ya tallabe shi da hannu biyu, ya nufi gidan Korau. Ya shiga zaure shi kaɗai. Ya ɗauraye akushin da ba a zuba komai a ciki ba. Da ya fito, ba wanda ya dube shi, bayan Korau kawai ya gani. Ya ci ya ƙoshi, ya koma gida da na yara, yana tafe yana hawaye. Shi da bakinsa ya ba da wannan labarin bayan Allah ya kawo sauƙi.

Na ga bakin wasunku na motsi. Na san tambayar. Akushin Korau, da gaske babu komai a gidansa ranar, ko kuwa ya riga ya juye tuwonsa ta ƙofar ciki ya fito da shi wofi don ya tare wa Mati? Ni ma na tambayi dattijon da ya ba ni labarin. Ya ce an tambayi Korau har ya rasu bai faɗa ba, an tambayi Delu ta ce a je a tambayi Malam. Ƙarya dai bai yi ba, akushi kawai ya nuna. Kun ji yadda ranku ke so ku sani? To wannan ƙaiƙayin ne Korau ya yi ta dannewa kullum, kuma shi ne jarrabawarsa.

Darasin a fili yake. Ciyar da mai yunwa alheri ne, amma ciyar da shi ba tare da ka tona masa asiri ba ya fi. Kuma kun sha ji a karatu, mai rufa wa ɗan'uwansa asiri Allah ba ya tona nasa.

Yau ma fatake sun daina zuwa. An rufe masaƙu, an sallami ma'aikata, kuɗin mudun shinkafa na bara bana ko rabi ba ya saye. Akwai wanda ya daina zuwa majalisarku yana ce muku aiki ya yi masa yawa, alhali an sallame shi. Akwai mai fita kullum da safe da guga a rigarsa, ba inda za shi, don dai kada makwabta su gane. Ku neme su. Amma kada ku tsare mutum da tambaya, kada ku tara 'yan unguwa a kansa, kuma don Allah ku mayar da wayoyinku aljihu, buhun masara ba ya bukatar hoto. Ku samo masa hanyar da zai karɓa kansa a ɗage. In zuciyarka ta ce sai ka san wa ya kawo wa bai kawo ba, ka juya bayanka. Ba ka san ranar da kai ma za ka tallabo akushi wofi kana addu'ar kada kowa ya waiwayo ba.

Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira. Ku tashi a tayar da salla.