Kafintan da Ya Rufa wa Ƙaninsa Asiri

Akwai wani kafinta gwani a sana'arsa, sai dai girman kai ya yi masa yawa. Ya tsani wani bare ya ji abin da ke faruwa a gidansu.

Ƙaninsa, wanda suke kira Auta, ya yi zaman gidan yari saboda satar babura. Kotu ta sake shi kafin wa'adinsa ya cika, bisa sharaɗin zai koyi aiki a hannun yayansa, kuma ya rabu da tsofaffin abokansa. Aka sa wata jami'a ta riƙa zuwa duba shi.

Da farko Auta ya dage da aiki. Daga baya wani dogon saurayi mai tabo a goshi ya fara tsayawa a tsallaken shagon kafinta. Da ya yi fito, sai Auta ya ajiye zarto ya fice. Kafinta ya gane shi sarai, da shi aka yi satar farko.

Ranar da jami'ar ta zo, ta zauna a kan wani benci da ba a gama ba.

"Malam, akwai masu zuwa wurin Auta?" ta tambaya.

Auta na tsaye a bayanta, riƙe da guduma. Ya kafe yayansa da ido.

"Babu kowa, ranki ya daɗe," in ji kafinta.

"Ba kama shi na zo yi ba. In akwai matsala, faɗa mini tun tana ƙarama."

Kafinta ya ɗaure fuska. "Ƙanena ne. Na san yadda zan bi da shi."

Ba a rufa wata ba, 'yan sanda suka tsaya a ƙofar shagon da rana tsaka. An kama Auta a kan babur ɗin sata, mai tabon kuwa ya tsere.

A harabar kotu jami'ar ta sami kafinta zaune kusa da mahaifiyarsu. Murya ƙasa ƙasa jami'ar ta ce, "Da ka gaya mini, da na nema masa wurin koyon aiki nesa da yaron nan. Yanzu abin ya fi ƙarfina."

Tsohuwar ta juyo ta dubi babban ɗanta. "Ashe ka sani?"

Ya kasa ɗaga kai.

Darasi: Wanda aka ba ka amanar gyara shi, ɓoye zamewarsa ba ƙauna ba ce. Faɗa wa mai iya taimako gaskiya da wuri, ko da za ka ji kunya.