Zanen da Bai Sha Iska Ba

Akwai wani mutum marini, yana da 'ya'ya maza biyu, yana kuma da ramin rini biyu a karofin garinsu. Ɗaya ramin babba ne, yana bakin hanya. Ɗayan ƙarami ne, yana can baya a gindin tsamiya. Ganyen baba iri ɗaya yake zuba musu, toka iri ɗaya, ruwa daga rijiya ɗaya. Tun 'ya'yan suna ƙanana yake koya musu sana'ar, maganarsa kuwa ba ta wuce guda: "Ku tsoma, ku matse, ku bar shi ya sha iska, ku mayar." Babban ɗan ya ji wannan magana har ta gundure shi. A ransa yakan ce tsoho ya gaji ne, shi ya sa ya ƙirƙiro shan iska don ya sami dalilin zama.

Da uban ya rasu, babban ne ya fara zaɓe, gama shi ne babba. Ya ɗauki ramin bakin hanya, ya bar wa ƙanensa na gindin tsamiya.

Kada kowa ya ce babban nan rago ne. Kafin zakara ya sauko yana karofi. Ya tsoma zane, ya fizgo, ya sake tsomawa, ya jefa a kan igiya, ya jawo na gaba. Kafin rana ta take tsaka ya rina ashirin. Ƙanen kuwa, in ya rina huɗu a yini ya yi ƙoƙari. Yakan tsoma zane, ya buɗe shi a cikin ruwan da hannunsa, ninki bayan ninki, ya fito da shi ya matse, ya baza shi a reshe, sa'an nan ya zauna yana kallonsa. Can sai ya tashi ya mayar da shi rami. Haka zai yi ta yi da zane guda har a rasa lissafi.

Amma ga abin da ya hana babban sakewa. Matan gari sukan zo da farin zane a ka, su iso bakin raminsa, su ce, "Sannu da aiki," su wuce gindin tsamiya. Yana ji yana gani. Ranar kasuwa kuma, in mace ta wuce da zane mai duhu yana ƙyalli, sai ka ji ana cewa, "Wannan rinin ƙaramin ne." Ba a taɓa nuna wani zane an ce rinin babban ne ba. Hassada ta shiga shi, ta zauna daram. In ƙanensa ya gaishe shi, da ƙyar yake amsawa. In matarsa ta yaba zanen wata, ranar ba zai ci tuwonta ba.

Wata rana ya tsaya a kan ƙanensa, ya tarar da shi zaune, zane na rataye a reshe. Ya ce, "Kai dai kullum shan iska. Mu muna aiki, kai kana shan iska, amma kai ake yabo."

Ƙanen ya ce, "Yaya, ba ni nake shan iska ba, zanen ne."

Babban ya ɗauka baƙar magana aka gaya masa. Ya ce, "Na gane. Tsoho ya san ramin da ya fi, bai gaya mini ba har ya rasu, na zaɓi marar kyau. Ni ne babba. Ka ba ni raminka da shunin da ke cikinsa, ka koma bakin hanya."

Ƙanen ya ce, "To, Yaya." Ya kwashe igiyarsa da sandar motsa rini, ya koma bakin hanya.

A kwanakin nan akwai wata tsohuwa a garin da jikanyarta ta haihu, haihuwar fari. Damina biyu tsohuwar ta yi tana kaɗin auduga da hannunta, ta kai wa masaƙi ya saƙa mata, don ta ba jikanyar zanen goyo ranar suna. Ta ɗauko zanen ta nufi gindin tsamiya kamar yadda ta saba, sai ta tarar da babban a wurin. Ta tsaya tana waige-waige.

Ya ce, "Kawo, Iya. Ai ramin ne mai kyau, ramin kuwa yanzu nawa ne."

Ta ce, "Ɗana, idona ya tafi a kan zanen nan. Ba ni da ƙarfin kaɗa wani."

Ya ce, "Kwantar da hankalinki. Ƙanena kwana uku zai riƙe miki. Ni kafin la'asar kin karɓa."

Ta miƙa masa, ba don ranta ya so ba. Zuciyarsa ta yi fari, domin ya ƙwace wa ƙanensa aiki a gaban idonsa. Ya tsoma zanen a ninke, ya fizgo, ya sake tsomawa, ya shanya. Da ya bushe ya kai aka buge shi, ya yi ƙyalli. A ido ba za ka ce yana da aibi ba. Tsohuwa ta karɓa ta sa masa albarka.

Ana gobe suna ta ce bari ta ɗauraye zanen, kada sabon rini ya taɓa fatar jariri. Tana sa shi a ruwa sai ruwan ya yi shuɗi, zanen kuwa ya koɗe. Da ta ware shi, ga wani wuri shuɗi-shuɗi, ga wani wuri toka-toka, cikin ninki kuwa fari fat kamar bai taɓa ganin rami ba. Ta ɗauko shi jiƙe, ta bi ta tsakiyar kasuwa har karofi, mata na biye da ita. Ba ta zage shi ba, da ma ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ta shimfiɗa zanen a gabansa ta ce, "Damina biyu, ɗana." Ta juya ta tafi. Washegari aka yi suna, aka goya jariri da zanen aro.

Babban ya zauna a gindin tsamiya, kunya ta hana shi ɗaga kai. Da ya ɗaga, sai idonsa ya faɗa a kan igiyar ƙanensa a bakin hanya. Zannuwa uku ne a kai, masu duhu wuluk, kuma daga ramin nan da ya raina suka fito. Ya tashi ya je, ya ce, "Gaya mini gaskiya. Me tsoho ya ba ka da bai ba ni ba?"

Ƙanen ya tsoma wani ƙyalle a rami, ya fito da shi ya matse, ya ce, "Duba, Yaya. Wane launi ne?"

Ya ce, "Kore-kore."

"To, tsaya."

Suka tsaya suna kallon ƙyallen. A gaban idonsu koren ya fara juyawa, ya zama shuɗi. Shekara da shekaru babban yana rini, bai taɓa tsayawa ya ga wannan ba. Ƙanen ya ce, "Rami yakan ba da rini, amma sai zane ya sha iska rinin yake kamawa. Abin da ya gaya mana ke nan, mu biyu, muna zaune a tabarma ɗaya."

Babban ya ce, "Na lalata wa tsohuwa zane."

Ƙanen ya ce, "Suna ya wuce, wannan kam ba ya dawowa. Amma goyo yanzu aka fara, zanen kuma bai yage ba. Ɗauko shi ka mayar."

Ma'anar wannan misali ita ce: ramin rini Maganar Allah ce, zanen kuwa zuciyar mutum. Tsomawa ita ce karatu, ko jin wa'azi. Shan iska shi ne bimbini, wato ka ɗauki abin da ka karanta ka zauna da shi, ka juya shi a ranka, ka tambayi kanka me yake faɗa a kan Allah, me kuma yake nema a wurinka yau. Mayarwa ita ce ka koma ga ayar nan dai gobe, ka sake komawa jibi. Wanki kuwa shi ne ranar gwaji, ranar da ciwo ya shigo gida, ko aka gaya maka maganar da ta ƙona maka rai. A ranar nan ake sanin ko rini ya kama.

'Yan'uwa, zan faɗa muku inda na san babban ɗan nan. A jikina na san shi. Akwai wata dattijuwa a ikilisiyar da na taso, Mama Biriskila. Karatunta sai da yatsa, kalma-kalma. Ni kuwa a lokacin na sauke Littafi Mai Tsarki sau uku, ina kuma son a sani. Amma in rigima ta tashi a wani gida, ƙofarta ake bugawa. In an yi rashi, ita ake so ta zo ta zauna. Mutane sukan wuce ni, su ce, "Sannu, Malam," su tafi wurinta. Na yi kishinta, kishi na gaske, har nakan ji haushi in ta yi addu'a aka ce amin da ƙarfi. Nakan ce a raina baiwa ce Allah ya ba ta ya hana ni. Wata Laraba na iske ta tana surfe, bakinta na motsi. Na tambaye ta me take faɗa. Ta ce ayar da aka karanta ranar Lahadi ce. Na ce, "Mama, har yanzu kina kanta?" Ta ce, "Malam, ai ba ta gama da ni ba." Ni da na tsaya a gaban jama'a na karanta ayar, ko a ina take na manta.

Da yawa a cikinmu muna ta canza rami. Wannan ya ce fastonsu bai iya wa'azi ba, ya koma wata majami'a. Wancan ya sayo sabon Littafi mai bangon fata, yana tsammani a bangon albarkar take. Wata kuma ta karanta sura biyar da safe tana tsaye, rabin hankalinta na kan tukunya, kafin ta kai bakin rijiya ta zagi maƙwabciya. Sa'an nan mu dubi wanda yake da salama da haƙuri, ranmu ya ɓaci, mu ce an fifita shi. Ba a ɓoye mana kome ba. Maganar da aka ba shi ita aka ba mu.

Amfanin bimbini shi ne Maganar takan shiga har cikin ninki, wuraren nan da muke naɗewa don kada kowa ya gani: fushin da muka ajiye, tsoron gobe, da hassadar kanta. Wanda ya zauna da aya ɗaya har ta kama shi, ran da wahala ta zo ba sai ya nemi Littafi a gigice ba, ayar za ta taso masa da kanta ta riƙe shi. Kuma ba kai kaɗai kake hasara ba in rininka bai kama ba. Akwai wanda zai kawo maka zuciyarsa a hannu, kamar yadda tsohuwar nan ta kawo zanenta, yana neman kalma ɗaya ta ta'aziyya.

Saboda haka a makon nan kada ka ƙirga surori. Ɗauki aya guda. Karanta ta da safe, ka rufe Littafin, ka tafi da ita gona ko kasuwa ko wurin aiki. Da yamma ka dawo gare ta. Kada kuma wanda aka riga aka wanke ya koɗe a gaban mutane ya fid da zuciya. Na koɗe ni ma, a gaban turmin Mama Biriskila. Ramin yana nan a buɗe, zanen kuma bai yage ba. Ɗauko shi ka mayar.