Dalilin da Ya Sa Dariya Take Zuwa da Hawaye

Dalilin da ya sa idan dariya ta ci ƙarfin mutum sai hawaye ya zubo masa, tsohon labari ne na wasu mata biyu maƙwabtan juna. Ɗazu na ji Basiru yana tambaya ko dukan Zinatu aka yi, don ya ga tana dariya tana share ido da bakin zani. Ba wanda ya taɓa ta. Ku ajiye littafin nan naku mai hotuna ku matso. Kun ga yadda mutanen cikinsa kowa hali ɗaya gare shi, wannan kullum fushi, wancan kullum mantuwa? To, a da can akwai garin da haka mutanensa suke.

Sunan garin Hali-Ɗaya. Halin da aka haifi mutum da shi, shi ne sunansa, kuma da shi zai koma ga Allah. Akwai Fusatau maƙeri, wanda ko gaishe shi ka yi sai ya tambaye ka me kake nufi. Akwai Gaggawa, wanda bai taɓa cin tuwo a zaune ba.

Kusa da rijiyar garin akwai gida biyu da katanga ɗaya ta raba su. A na farko Ƙyalƙyala take, mai suyar ƙosai. Da sassafe za ka ji dariyarta tana gasa da ƙarar mai a kasko. Ƙosai ya ƙone, dariya. Hayaƙi ya shiga idonta, dariya. Wasu ma ba yunwa ke kawo su wurinta ba. Mijinta Malam Shiru masaƙi ne, magana uku takan ishe shi yini. Amma shi kaɗai ya san dariyar matarsa ba iri ɗaya ba ce. Ya san ta murna, ya san ta ciwon kai, ya san ta gajiya. In ya ji ta gajiya, sai ya tashi daga masaƙa bai ce komai ba, ya ɗauki tulu ya ɗebo mata ruwa.

A ɗaya gidan Ƙwalla take, mai saƙar faifai, ta ɗan girmi Ƙyalƙyala. Ita kuma komai kuka. An yi ruwan sama, kuka. Kazarta ta ƙyanƙyashe, kuka. Ba wani abu ke damunta ba, zuciyarta ce mai taushi, kuma ba ta da wata hanyar nuna abin da ke ciki. Ba a gayyatarta biki, amma in an yi rasuwa ita ake fara aika wa.

Shekara talatin suna maƙwabtaka, ba abin da ke haɗa su sai gaisuwa. Ƙwalla tana ganin dariya ake yi mata, Ƙyalƙyala tana gudun kada ta ƙara wa baiwar Allah kuka.

Wata damina zazzaɓi ya kama Malam Shiru. Kwana huɗu ya yi a kwance, ya rasu.

Gida ya cika da masu gaisuwa. Duk wadda ta ce, "Allah ya jiƙansa," Ƙyalƙyala za ta buɗe baki ta ce amin, sai dariya ta fito. Ta toshe baki da mayafi, dariyar ta biyo ta hanci. Mata suka fara kallon juna. Fusatau yana zaure tare da maza, ya ɗaga murya yadda za a ji shi a cikin gida.

"Shekara talatin mutumin nan yana ɗebo mata ruwa. Ko ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba take yi masa dariya. Ku tashi mu tafi."

Kowa ya san ba ta da wani hali sai wannan. Amma sani daban, ji da kunne daban. Kafin la'asar gida ya watse.

Kwana uku Ƙyalƙyala ba ta hura wuta ba, ba ta sa komai a baki ba. Baƙin ciki ya cika mata ƙirji ya rasa ƙofar fita, kamar tukunyar da ke tafasa an danne murfinta da dutse.

Rana ta huɗu da hantsi, Ƙwalla ta dama kunu ta yi sallama ta shiga. Ta tarar da ita zaune kusa da masaƙar mijin, ta rame, tana dariya a hankali.

Ƙyalƙyala ta ce, "Yaya, ke ma kin zo kallon wadda ke yi wa mijinta dariya?"

Ƙwalla ta ajiye kwano, hawaye na bin kumatunta. Ta ce, "A'a. Kwana uku ina jin ki ta katanga. Wannan ba dariyar wurin ƙosai ba ce. Ni na san kuka, ko da wace riga ya sa."

"Ƙirjina zai fashe, Yaya. Ko ɗigo ɗaya ne in samu in zubar wa Malam."

Ƙwalla ta zauna a gefen tabarma. Ta ce, "Ni kuma kin ga tawa. Shekaranjiya matar ɗana ta haihu, jikata ta fari. Ɗan nawa ya zo ya durƙusa ya ce, 'Inna, ranar suna ki yi haƙuri ki zauna a ɗaki. Dangin matata baƙi ne daga wani gari, kada su ce ba kya murna.' Ni kuwa murna kamar ta kashe ni."

Can Ƙwalla ta ce, "To, me zai hana mu yi aro? Ki ba ni dariya, in ba ki hawaye. Bayan suna kowa ta mayar da abin da ya rage."

Ta ɗauko ƙoƙo ta tara a haɓa, kafin a jima ya cika. Ƙyalƙyala kuwa sai da ta yi lalube, don ba ta son ta ba da dariya mai ɗaci. Can ta tuna ranar da akuya ta figi zaren Malam Shiru, ya bi ta har kasuwa riƙe da ɗaya bakin, ba abin da yake cewa sai, "Dawo." Dariya mai kyau ta taso mata. Ta yi ta a cikin gora, ta toshe da totuwar masara.

Sannan ta tsoma yatsa a ƙoƙon ta shafa a ido. Sai ga hawaye. Ta kifa kai a cinyar Ƙwalla ta yi kuka har azahar, tana kiran sunan mijinta. Da ta gama ta shanye kunun, ta yi barci.

Ranar suna, Ƙwalla ta buɗe gora ta shaƙa sau ɗaya, ta fito tsakar gida. Ɗanta ya hango ta daga nesa. Aka miƙa mata jaririya. Jaririyar ta yamutsa fuska ta yi atishawa, sai dariya ta kuɓuce wa Ƙwalla. Da fari ta fito da ƙara kamar ƙofar da ta daɗe a rufe, daga baya ta saki. Hawayenta kuma ba su fasa zuwa ba, suka haɗu. Baƙin nan suka ce, "Allah sarki, murna ta yi wa Kaka yawa." Ɗanta ya tsaya a bakin ƙofa yana kallonta. Tun da aka haife shi bai taɓa jin dariyar mahaifiyarsa ba.

Labari ya kai kunnen Fusatau. Ya je wurin dattawan gari ya ce, "Yau an yi aron dariya, gobe wani zai zo aron fushina. Kowa ya tsaya a halinsa." Dattawa suka ce gobe matan su zo bakin rijiya, kowa ta mayar da na 'yar uwarta a gaban jama'a.

Ba su so ba, amma alkawari suka yi. Suka zo, suka ɗora ƙoƙo da gora a bakin rijiya, da sauran abin da ke ciki. Aka aiki Gaggawa ya kira dattawa. Ya dawo a guje yana cewa ga su nan tafe, ƙafarsa ta harɗe da igiyar guga, ya kai hannu zai dafa, ya ture ƙoƙo da gora. Totuwa ta fice. Duka biyun suka faɗa rijiya. Ruwa ya yi ta ɓulɓula kamar ana yi masa cakulkuli, sannan ya kwanta.

Rijiyar nan ita kaɗai ce a garin. Fusatau ya ce sai an yashe ta, kuma Gaggawa ne zai shiga. Aka yi ta kwashe ruwa, ruwa yana ƙara ɓuɓɓugowa. Rana ta take, ƙishirwa ta kama Fusatau, ya manta ya kafa kai a guga ya sha.

Daidai nan Gaggawa ya leƙo daga rijiya, laka ta rufe shi tun daga kai, ga ɗan kwaɗo zaune a kafaɗarsa. Fusatau ya buɗe baki zai yi masa tsawa. Sai ya tuntsure da dariya, har ya zauna a ƙasa, har hawaye ya jiƙa masa gemu.

Da dariyar ta lafa, hawayen bai tsaya ba. Ya daɗe zaune. Can ya tashi ya je gaban Ƙyalƙyala ya durƙusa. Ya ce, "Allah ya jiƙan Malam Shiru. Shi kaɗai ne bai taɓa gudun maƙerata ba. Abin da na faɗa a zaure, ki yafe mini."

Ƙyalƙyala ta dube shi, idonta ya cika. Ta ce, "Amin. Na yafe." Ba ta yi dariya ba.

Ganin haka dattawa suka ce a bar rijiya yadda take. Mutanen gari suka sha, fatake suka cika salkunansu suka kai wasu garuruwa, har abin ya game duniya.

Shi ya sa har yau in dariya ta kai maka iya wuya sai hawaye ya biyo ta. Shi ya sa kuma a gidan makoki, bayan kwana biyu, wata za ta tuno wani abu da mamacin ya taɓa yi, a yi dariya ana share ido. In kun ga haka, kada ku ce ba ta ji mutuwar ba. Ku matsa kusa da ita ku zauna.