Hular Malam Tanimu

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da masu digiri ba su da yawa, wani bawan Allah ana ce masa Malam Tanimu. Ya yi jami'a, amma bai zama wani babba ba. Malamin firamare ne, yana kiwon tattabaru a bayan gida. Abu ɗaya aka san shi da shi: ba ya cire hula. Yana ƙarami ya faɗa murhu, wuta ta cinye masa fatar kai, gashi bai sake fitowa ba. Ko abokan karatunsa ba su taɓa ganin kan nan ba. Sukan tsokane shi su ce, "Tanimu, kai da hular nan za a sa ka a likkafani?" Sai ya yi murmushi ya ƙara danna ta.

To, ku saurara. Tsofaffin ɗaliban jami'ar suna da wata al'ada. Duk shekara in za a karɓi sababbin da suka gama, sai a jera su tsaye babu hula, iyayensu na kallo. Kowane tsohon ɗalibi ya tashi ya cire hularsa ya ɗora wa ɗaya. Ma'anarta, daga yau gidana gidanka ne. Malam Tanimu ba ya fashin zuwa. Shi ke jera kujeru, shi ke zagayawa da ruwan sha, amma bai taɓa ɗora wa kowa hula ba, kuma ba a taɓa tambayarsa dalili ba.

Wata shekara sababbin suka yi yawa. Aka ɗora wa ɗan wane, aka ɗora wa wanda ya fi kowa ƙoƙari, aka yi ta ɗorawa har huluna suka ƙare. Saura saurayi ɗaya a ƙarshen layi, Nafi'u, maraya ne daga ƙauye, ba wanda ya san shi a wurin. Mahaifiyarsa, Inna Dije, ta zo da sabon zane, har ta kama hanci za ta yi guɗa. Ta jira. Ta jira. Sai ta sauke hannunta a hankali.

Shugaban ƙungiya ya yi gyaran murya ya ce, "To, sai haƙuri. A rufe mana da addu'a."

Ku saurara, jama'a. Malam Tanimu ya ajiye tulun ruwa, ya taka har gaban saurayin, ya kai hannu ya cire hularsa. An ce fatar kansa kamar ƙasan tafki in ya ƙafe ya tsattsage, nan fari, nan ja. Wasu suka kau da kai. Ni dai nakan zauna in yi ta tunanin iskar da ta taɓa kan nan a ranar, ko sanyi ya ji.

Malam Tanimu ya ce, "Sunkuyo mana, ɗana, kai dogo ne."

Nafi'u ya ce, "Baba, mayar da abarka, wallahi ba komai."

"Da komai. Innarka ta taho da guɗa tun daga gida, so kake ta koma da ita?"

Saurayin ya sunkuya. Hular ta yi masa kaɗan, ta tsaya a tsakar kai. Inna Dije ta rangaɗa guɗa tana hawaye, Malam Tanimu kuwa ya zauna cikin abokansa da kai a buɗe har aka tashi.

Darasin a fili yake. Ba da abin da ya yi maka yawa kyauta ce, amma wadda ta fi ta ita ce ka cire abin da ke rufa maka asiri ka rufa wa ɗan'uwanka. Ku tsofaffin ɗalibai, ga sababbi nan a gabanku yau. Kada ku yi rububin wanda ubansa sananne ne, ku duba ƙarshen layi. Ku kuma 'ya'yana da kuka gama, baɗi ku ne a zaune, wani ne a tsaye yana jira. Allah ya rufa mana asiri baki ɗaya.