Wayar da Gwamna Bai Ɗauka Ba

Akwai wani gwamna da ambaliya ta faɗa wa jiharsa a tsakiyar damina. Madatsar ruwa ce ta ɓalle, ruwa ya shanye unguwannin da ke gangare, mutane suka fita da kayan jikinsu kawai. Aka tara su a makarantun firamare, azuzuwa suka zama ɗakunan kwana.

Gwamnan ba mugu ba ne, amma yana da saurin fushi, ga shi da hawan jini. Tun da abin ya faru barci ya ƙaurace masa. Idanunsa suka yi ja. Kowa ya shigo da labari marar daɗi sai ya sha tsawa, har ma'aikata suka riƙa tsokanar juna a baranda cewa wanda zai shiga ofis ya fara barin wasiyya.

Manyan hadimansa biyu ne. Na farko Sakatare, dattijo mai furfura da ke tare da shi tun kafin ya shiga siyasa. Na biyu mai ba shi shawara ne, wanda ake yi wa laƙabi da Zuma saboda zaƙin bakinsa.

Da likita ya auna Gwamna ya ce a rage masa tashin hankali, kowannensu ya fahimci maganar ta hanyarsa.

Zuma ya sa aka kashe talabijin ɗin ofis. Ya karɓi wayoyin Gwamna ya zuba a aljihunsa, ya ce shi zai riƙa amsawa. Kullum da safe sai ya shiga da hotunan motoci ɗauke da barguna, ya ce ruwa na janyewa, jama'a na ta sa albarka. Gwamna ya sauke ajiyar zuciya, ya ce Allah ya yi masa albarka shi ma.

Sakatare kuwa yakan jira har Gwamna ya sha magani ya zauna, sannan ya faɗa masa matsala guda tare da abin da za a iya yi a kanta. Ya gaya wa Zuma cewa likita bai ce a rufe wa mutum ido ba, kuma tafin hannu ba ya tare rana. Zuma ya yi dariya ya ce in dattijo na son jawo wa kansa, ga fili ga mai doki.

Ana nan sai amai da gudawa suka ɓarke a babban sansanin da aka tara mutanen, domin ruwan rijiyoyi ya gurɓace. Sakatare ya nemi ganin Gwamna shi kaɗai, Zuma ya yi ta kewaye-kewaye. Da Sakatare ya ga rana na tafiya, sai ya miƙe a tsakiyar taron kwamishinoni.

"Mai girma, yara na mutuwa a sansani. Ba barguna suke buƙata ba, ruwa mai tsabta da likitoci suke buƙata, kuma yau."

Gwamna ya dubi Zuma. Zuma ya ce 'yan adawa ne ke ƙara gishiri. Nan take Gwamna ya buga tebur, ya ce Sakatare ya tsufa, ya zama bakin mugun labari, so yake ya ga zuciyarsa ta buga. Ya ce ya fita, kada ya sake ganin ƙafarsa a gidan gwamnati.

Ba wanda ya ɗaga kai. Sakatare ya cire tabarau ya goge, ya ce Allah ya huci zuciyar mai girma, ya fita.

Bai tafi gida ba. Sansanin ya nufa, ya naɗe hannun riga ya shiga ɗaukar ruwa da masu aikin sa kai. A can ya tarar da yayar Gwamna, tsohuwar ma'aikaciyar jinya wadda ta reni ƙanin nata bayan rasuwar iyayensu. Kowa Yaya yake ce mata. Ba wanda ya aiko ta, jin labarin yara ne ya fito da ita duk da ciwon gwiwar da take fama da shi.

Yaya ta yi ta kiran wayar ƙaninta. Kullum Zuma ke ɗauka, cikin ladabi ya ce mai girma na cikin taro, zai isar da saƙo. Bai taɓa isarwa ba, domin ya san abin da za ta faɗa.

Ba a jima ba cutar ta kama ta. Ruwan da ake ƙara wa marasa lafiya ya yi ƙaranci, kuma ta hana a sa mata wanda ya rage, ta ce a sa wa wata mai jego. Sakatare ya kira Zuma da kansa ya ce Yaya na kwance. Zuma ya ce gobe Gwamna zai yi wa jama'a jawabi, a bari ya gama, kada hankalinsa ya rabu biyu.

Da hantsi washegari ta cika. Ma'aikatan lafiya suka ce saboda irin cutar ba za a jinkirta ba, aka binne ta tare da sauran.

Sakatare ya koma gidan gwamnati da laka har gwiwa. Masu gadi sun san an kore shi, amma da suka ga fuskarsa ba wanda ya iya tare shi. Ya sami Gwamna a ofis, an gyara masa wuyan riga, 'yan jarida na jira a zaure, a hannunsa ga jawabin da ke cewa an shawo kan komai.

Gwamna ya buɗe baki zai yi faɗa. Sakatare ya roƙe shi ya zauna tukuna, ya jawo kujera kusa da shi, ya faɗa masa rasuwar Yaya a hankali.

Gwamna bai yi tsawa ba. Sai ya tambaya me ya sa ba ta neme shi ba. Ya miƙa wa Zuma hannu, Zuma ya fito da wayar. Sunan Yaya ne jere daga sama har ƙasa.

Zuma ya durƙusa ya ce wallahi lafiyar mai girma yake karewa.

"Na sani," in ji Gwamna. "Ni na koya maka. Wanda ya faɗa mini gaskiya na kore shi a gabanka."

Ya sallami Zuma daga aiki ba tare da zagi ba. Ya fita ya ce wa 'yan jarida ba a shawo kan komai ba, mutane na mutuwa, kuma laifinsa ne. Kafin la'asar motocin ruwa da likitoci suka isa sansanin. An ceto da yawa, amma waɗanda suka tafi sun tafi.

A bakin kabarin Yaya, Gwamna ya riƙe hannun Sakatare ya nemi gafara. Dattijon ya ce ya yafe tun ranar. Gwamna ya tambaye shi ko Yaya ta tafi tana fushi da shi, ko ta bar masa wata magana.

Sakatare ya share ido.

"Ta ce in za a gaya maka, a tabbatar ka ci abinci tukuna. Ta ce tun kana yaro ba ka iya jin mugun labari da yunwa."

Darasi: Wanda ke ɓoye maka gaskiya don kada ranka ya ɓaci, aje maka baƙin ciki yake yi, ranar da za ka same shi ya ninka. In Allah ya ɗora ka a kan mutane, ko gida ne ko shago, kada fushinka ya sa na kusa da kai su ji tsoron buɗe baki. In kuma kai ne na kusa, ka zaɓi lokaci, ka tausasa harshe, amma ka faɗa. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila wani na nan ya kori wanda ya fi kowa ƙaunarsa.